Darasin Kimiyya: Ruwan da Ke Tsiri Sama a Gandun Yellowstone

Ɗalibai, darasinmu na yau zai kai mu arewa maso yammacin Amurka, zuwa gandun dajin Yellowstone. A can ruwa yana fitowa daga ƙasa yana tafasa ba wanda ya hura masa wuta. A wasu wuraren ma yakan yi tsiri sama da ƙarfi har mita 40 ko fiye, ya yi 'yan mintoci yana feshi, sannan ya lafa. Irin wannan marmaro mai feshi shi masana ke kira gaiza, kuma da wannan suna za mu ci gaba. Tambayar da nake so mu amsa kafin a tashi ita ce: maɓuɓɓugar ruwan zafi ta cika duniya, har a ƙasarmu akwai ta, to me ya sa gaizoji ba su wuce kimanin 1,000 ba a duk faɗin duniya, kuma wajen rabinsu suna wuri guda?

Wurin da kansa

Yawancin Yellowstone a jihar Wyoming yake, gefensa ya ɗan shiga Montana da Idaho. Faɗinsa ya kusa murabba'in kilomita 9,000. Ranar 1 ga Maris, 1872, Shugaba Ulysses S. Grant ya sa hannu a kan dokar da ta keɓe shi, kuma shi ake ɗauka gandun ƙasa na farko a duniya. Kada ku zaci kafin nan ba kowa a wurin. 'Yan asalin ƙasar sun yi fiye da shekara 11,000 suna farauta da zama a cikinsa, suna fasa wani baƙin dutse mai kaifi da ake kira obsidiyan suna yin bakin mashi da na kibiya. Turawa mafarauta da suka fara komawa gida da labarin ƙasa mai hayaƙi da taɓo mai tafasa, ƙaryata su aka yi. Sai a 1871, da tawagar Ferdinand Hayden ta shiga wurin tare da mai ɗaukar hoto William Henry Jackson da mai zane Thomas Moran, 'yan majalisa suka ga abin a hoto, suka yarda.

A yau an ƙididdige wurare fiye da 10,000 a gandun da ruwan zafi ko tururi ke fitowa, fiye da 500 daga cikinsu gaizoji ne. Mutane kimanin miliyan 4 ke zuwa kallo kowace shekara.

Daga ina zafin yake?

Ko'ina a duniya, in ka yi ta haƙa ƙasa, zafi ƙaruwa yake yi, kimanin digiri 25 zuwa 30 a ma'aunin Salshiyos a kowace kilomita ɗaya. Wannan zafi na kowa ne, yana ƙarƙashin ajin nan da muke zaune. Abin da ya raba Yellowstone da sauran wurare shi ne zafin ya matso kusa da sama ƙwarai, domin gandun yana zaune ne a kan dutse mai aman wuta.

Baƙo zai iya yini yana yawo bai ga dutsen ba, saboda ba tsauni ba ne mai tsini, kwari ne makeken gaske. Sau uku aka yi gagarumin aman wuta a yankin: shekara miliyan 2.1 da suka wuce, da miliyan 1.3, da kuma wajen shekara 640,000. A na ƙarshen, da abin da ke ciki ya fice, sai rufin ya rufta, ya bar kwari mai tsawon kimanin kilomita 72 da faɗin kilomita 48. Narkakken dutse ya ci gaba da malalowa yana cike kwarin, na baya-bayan nan wajen shekara 70,000 ke nan. Har yanzu, daga kimanin kilomita 5 a ƙarƙashin ƙasa, akwai ma'ajiyar dutse mai tsananin zafi. Mafi yawansa daskararre ne, ɗan kaɗan ne a narke, amma zafinsa ya isa ya dafa duk ruwan da ya kusance shi.

Na san wasunku sun ga finafinai da bidiyoyin da ke cewa Yellowstone na gab da tashi ya hallaka duniya. Akwai cibiyar da aka kafa a 2001 domin sa ido a kan dutsen dare da rana, tana auna girgizar ƙasa da kumburin ƙasa da iskar da ke fita, kuma ba ta ga alamar haka ba. Ƙananan girgizar ƙasa dai ana samun fiye da 1,000 a shekara, yawancinsu mutum ba ya ma jin su. Ku riƙe wannan, domin za ta dawo mana a gaba.

Ruwa kuwa ba wani abin mamaki ba ne. Ruwan sama ne da dusar ƙanƙara da ke zuba a kan tsaunuka, su tsiyaya ta tsagogin dutse zuwa ƙasa can, su ɗauki zafi. Ruwan zafi ya fi na sanyi sauƙin nauyi, don haka sai ya nemi hanyar sama, na sanyi ya maye gurbinsa a ƙasa. In hanyar a buɗe take, ba abin da ya tare ta, ruwan zai fito a natse, ya taru ya zama tafki, ya saki zafinsa a iska. Wannan ita ce maɓuɓɓugar ruwan zafi. Zafi da ruwa sun wadatar a same ta. Gaiza kuwa tana buƙatar abu na uku, kuma ba za ku gane shi ba sai mun tsaya a kan tafasa.

Yaushe ruwa ke tafasa?

A firamare an koya muku cewa ruwa na tafasa a digiri 100. Gaskiya ne, amma da sharaɗi: a bakin teku. Tafasa ita ce lokacin da tururi ya samu ƙarfin buɗa kumfa a cikin ruwan, ya ture abin da ke danne shi. Me ke danne ruwan da ke cikin tukunya? Iska. Iska tana da nauyi, kuma duk wadda ke bisa kanmu har ƙarshen sararin sama tana danna mu, sabo ne ya sa ba ma ji. In ka hau tudu, iskar da ke bisa kanka ta ragu, dannawar ta yi sauƙi, ruwa ya tafasa da wuri. A Legas digiri 100 ne. A Jos, mai tsayin kimanin mita 1,200, wajen digiri 96 ne. A filin gaizojin Yellowstone, da ya haura mita 2,200, digiri 93 ya isa.

To ku juya maganar. In rage matsi na sa ruwa ya tafasa da wuri, ƙara matsi zai hana shi tafasa. Ruwa ya fi iska nauyi nesa ba kusa ba: zurfin mita 10 na ruwa yana danna abin da ke ƙarƙashinsa daidai da yadda iskar sama gaba ɗaya ke dannawa. Saboda haka ruwan da ke ƙasan rami mai zurfin mita 10 ba zai tafasa ba sai ya kusa digiri 120. In aka ƙara nisa, a ƙara digiri. A can cikin ƙasan Yellowstone akwai ruwan da ya wuce digiri 200 kuma yana nan a ruwansa, bai zama tururi ba, domin nauyin da ke kansa bai ba shi dama ba.

Duk direban da ya san aikinsa ya san wannan ilimi ko da bai shiga aji ba. In mota ta yi zafi a hanya, ba a buɗe murfin lagireto nan take. Murfin ne ke riƙe matsi, ruwan ciki ya wuce digiri 100 amma bai tafasa ba. Da ka murɗe murfin, matsin ya fita, ruwan ya ga ba abin da ke danne shi, sai ya tafasa gaba ɗaya a lokaci guda, ya yi tsartuwa ya ƙona fuskar wanda ya buɗe. Ba a ƙara masa zafi ko kaɗan ba, matsi kawai aka rage. Gaiza haka take aiki, sai dai ita da kanta take buɗe murfinta.

Yadda gaiza ke tashi

Abu na uku da na ce muku shi ne hanya mai maƙogwaro. A ƙarƙashin kowace gaiza akwai rami da kogunan dutse da ruwa ke taruwa, kuma a wani wuri hanyar ta tsuke. Ku bi ni daki-daki.

Bayan feshi, ramin ya kusa zama fanko. Ruwa ya fara tsiyayowa yana cika shi, mai zafi daga ƙasa, mai ɗan sanyi daga gefe. Na sama yana hucewa a iska, na ƙasa yana ƙara ɗaukar zafi. Da hanyar mai faɗi ce, da na ƙasa ya taso na sama ya sauka, su gauraya, zafin ya fita a hankali. Amma matsatsin ya hana su gauraya sosai. Na ƙasa ya wuce digiri 100 ya ci gaba, nauyin na sama ya hana shi tafasa. Ana nan ana nan, har ya kai iyakar da ko da matsin sai ya fara fitar da kumfar tururi. Kumfar ta taso, ta cushe a maƙogwaron, ta tura ruwan da ke sama, wani ya zube waje ta bakin ramin.

Wannan ɗan ruwan da ya zube shi ne buɗe murfi. Nauyi ya ragu, ruwan da ke ƙasa ya tafasa, tururinsa ya ƙara tura wani ruwan waje, nauyi ya ƙara raguwa, na ƙasa da shi ma ya tafasa. Cikin 'yan daƙiƙoƙi abin ya bi ramin har ƙasa. Ku tuna kuma, in ruwa ya zama tururi yana neman wuri fiye da ninki 1,500 na wanda yake ciki da. Ba shi da mafita sai wannan ƙaramin baki, don haka ya ɗebi ruwan da ke gabansa ya harba sama. Feshin ba zai tsaya ba sai ruwa ya ƙare ko zafin ya sauka. Daga nan ramin ya koma cika.

Wanda ya fara bayyana wannan da awo shi ne Robert Bunsen, Bajamushen nan da murhun gas na ɗakin gwaje-gwaje ke ɗauke da sunansa. A 1846 ya je Iceland, ya zura ma'aunin zafi cikin ramin babbar gaizar ƙasar, ya ga zafi na ƙaruwa da zurfi har ya wuce digiri 100 ruwan bai tafasa ba. A farkon shekarun 1990 kuma masana suka zura ƙaramar kyamara cikin ramin wata gaiza mai suna Old Faithful a Yellowstone, suka ga maƙogwaron da idonsu: a zurfin kimanin mita 7, hanyar ta tsuke har faɗinta bai fi santimita 10 ba.

Saura tambaya ɗaya. Me ya hana wannan ƙarfi ya farfasa ramin? Amsar tana cikin irin dutsen. Dutsen da aman wuta ya shimfiɗa a kwarin Yellowstone, wanda ake kira rayolait, cike yake da silika, sinadarin da ke cikin yashi da gilashi. Ruwa mai tsananin zafi yana narkar da silika a ƙasa, in ya taso ya ɗan huce sai ya ajiye ta a jikin bangon ramin. Shekara da shekaru tana taruwa, ta toshe ƙananan tsagogi, ta yi wa hanyar daɓe mai ƙarfi da ke iya riƙe matsi. Ita ce kuma farar ƙasa mai tauri da ke kewaye da bakin gaiza, wani wurin har ta gina tulluwa. Ga amsar tambayarmu ta farko: zafi kusa da sama, da ruwa wadatacce, da dutse mai silika, da tsaga mai matsatsi daidai wa daida, ba kasafai suke haɗuwa wuri ɗaya ba. Bayan Yellowstone, manyan filayen gaiza 'yan kaɗan ne: Kwarin Gaizoji a Kamchatka ta Rasha, El Tatio a Chile, yankin Taupo a New Zealand, sai Iceland.

Biyu masu hali daban

Old Faithful ta samu sunanta a 1870 daga wata tawagar masu bincike da ta lura ba ta saɓa lokaci. In ka je, za ka tarar da bencina a jere nesa da ita, da allo da ma'aikata suka rubuta lokacin da ake sa ran tashinta. Da farko tururi kawai za ka gani yana fita daga wani farin tudu. Can sai ruwa ya yi tsalle mita ɗaya ko biyu ya koma, ya sake, ya koma, mutane su ɗaga wayoyi su sauke. Wannan tsalle-tsallen shi ne zubar ruwan farko da muka yi bayani. Sai kuma ɗaya daga cikinsu ya ƙi komawa, ya yi ta hawa da ruri har mita 32 zuwa 56, iska ta kwashi tururin ta yi gefe da shi. Minti ɗaya da rabi zuwa biyar ake yi, kuma ruwan da ke fita yana kaiwa lita 14,000 zuwa 32,000.

Ma'aikatan ba duba suke yi ba, agogo suke riƙewa. In feshin bai kai minti biyu da rabi ba, ramin bai zube duka ba, zai cika da wuri, na gaba zai zo bayan kimanin minti 65. In ya wuce haka, sai a jira wajen minti 90. Hasashen yakan faɗa daidai cikin ratar minti 10 gaba ko baya. Abin da ya ba ta wannan tsari shi ne hanyar ruwanta ba ta haɗe sosai da na maƙwabtanta ba, ba mai janye mata ruwa ko zafi.

Duk da haka ba inji ba ce. Girgizar ƙasar Hebgen ta 17 ga Agusta, 1959, mai ƙarfin 7.3, wadda ta kashe mutum 28 a yamma da gandun, ta sauya halin ɗaruruwan maɓuɓɓugai cikin dare ɗaya, kuma tun daga lokacin tazarar Old Faithful ta yi ta ƙaruwa. Wani bincike da aka buga a 2020 ya gano guntayen itatuwa da suka zama dutse a kan tudunta. Itace ba ya tsira inda tafasasshen ruwa ke zuba, ke nan akwai lokacin da ta yi shiru na shekaru da dama har bishiyoyi suka girma a wurin. Da aka auna shekarun itatuwan, sai suka faɗa ƙarni na 13 zuwa na 14, zamanin wani dogon fari a yankin. Mu da muka san yadda fari ke ƙafar da rijiya, wannan ba zai ba mu mamaki ba.

Steamboat, a filin Norris, ita ce gaiza mafi tsayin feshi a duniya a yau, tana wuce mita 90. Amma ba mai iya cewa ga ranar da za ta tashi. Daga 1911 zuwa 1961 ba ta yi babban feshi ko sau ɗaya ba. A 2018 ta farka ta yi 32, a 2019 ta yi 48, a 2020 ma 48, daga baya ta sake ja baya.

Sauran 'yan gidan

In zafi ya yi yawa ruwa ya yi kaɗan, ruwan zai ƙone tun kafin ya iso sama, tururi kaɗai zai riƙa fita da huci ta wata kafa. In kuma akwai ɗan ruwa tare da iskar farar wuta, wadda ita ce ke ba baragurbin ƙwai warinsa, wasu ƙananan halittu sukan mai da iskar asid, asid ɗin ya cinye dutse ya zama yumɓu. Sai a samu ramin taɓo mai tafasa: kumfa ta kumbura a hankali, ta yi sheƙi, ta fashe da ƙara, ta watsa ɗigon laka a gefe. A Mammoth, arewacin gandun, dutsen ƙasan na farar ƙasa ne. Ruwan yana narkar da shi ya fito ya ajiye shi hawa-hawa farare tas, kuma da sauri, har fasalin wurin kan sauya cikin 'yan watanni. A nan ba a ganin feshi irin na Old Faithful, domin ruwan bai kai zafin tafasa ba.

Launi da abin da ke cikinsa

Grand Prismatic ita ce maɓuɓɓugar ruwan zafi mafi girma a Amurka, faɗinta ya kai kimanin mita 110. Daga gadar katako da ke gefenta tururi kan rufe ta, sai an hau tudun da ke kudu da ita ake ganinta sosai: tsakiya shuɗi mai zurfi, sai zobe kore-kore, sai rawaya, sai ruwan lemo, sai ja mai duhu da ke bin magudanan ruwa zuwa waje.

Shuɗin tsakiya na ruwan ne kansa. Wurin ya yi zafi da yawa ga yawancin halittu, ruwan garau yake kuma mai zurfi, yana shanye jan haske ya maido da shuɗi. Sauran launukan kuwa rai ne. Biliyoyin bakteriya masu son zafi ne suka yi shimfiɗa a gefen tafkin, kowane iri ya zauna a inda zafin ya yi masa daidai. Masu haɗa abinci da hasken rana ba sa jure abin da ya wuce kimanin digiri 73, don haka inda rawaya ta fara, nan ne ruwan ya sauko zuwa wannan mataki. Kowane zobe na gaba ya fi na bayansa sanyi. Wanda ya san wannan zai iya karanta zafin tafkin da ido. Da rani, in rana ta yi ƙarfi, halittun sukan ƙara wani sinadari mai launin ja da ke kare su daga haske, da hunturu kuma sukan koma kore mai duhu.

A nan ne Yellowstone ya taɓa rayuwar kowannenmu. A 1966 masanin ƙananan halittu Thomas Brock da ɗalibinsa Hudson Freeze suka ɗebo wata bakteriya daga maɓuɓɓugar Mushroom, mai rayuwa a wajen digiri 70, suka sa mata suna Thermus aquaticus, suka buga bayaninta a 1969. A lokacin ba wanda ya san amfaninta. A shekarun 1980 Kary Mullis ya ƙirƙiro hanyar PCR, wadda ake ninka ɗan guntun ƙwayar gado ta DNA sau miliyoyi har a iya gano shi. Matsalar ita ce kowane zagaye sai an ɗumama samfurin zuwa wajen digiri 95, kuma zafin yana lalata sinadarin da ke yin kwafin, sai an yi ta zuba sabo. Sinadarin da aka ciro daga bakteriyar Brock, wanda ake kira Taq, zafi bai dame shi ba, a cikinsa ya saba aiki. Mullis ya samu kyautar Nobel a 1993. Gwajin korona da aka yi ta yi a 2020, da gwajin zazzaɓin Lassa a ɗakunan bincikenmu, duk a kan wannan hanya suka dogara. Ina so ku riƙe wannan labari duk ranar da wani ya tambaye ku amfanin binciken abin da ba a ci ba a sayarwa.

Wikki da 'yan'uwanta

Wasunku sun je Yankari a jihar Bauchi, sun yi wanka a marmaron Wikki, inda ruwa ke fitowa garau daga ƙarƙashin dutse, zafinsa digiri 31 dare da rana, rani da damina. Akwai kuma Ikogosi a jihar Ekiti, inda ruwan ɗumi da na sanyi ke haɗuwa, da Ruwan Zafi a Lamurde ta jihar Adamawa, da Tafadek a arewacin Agadas. Ruwan Wikki ɗumin nan na kowa da kowa ya ɗauko, wanda muka ce yana ƙaruwa da zurfi: ya nutsa cikin dutsen yashi, ya ɗumama, ya dawo. Ba narkakken dutse kusa da zai kai shi ga tafasa, shi ya sa ake iyo a ciki lafiya, shi ya sa kuma ba zai taɓa yin feshi ba. A Afirka, mai son ganin gaiza sai ya nufi gabas, inda ƙasa ke tsagewa, kamar bakin tafkin Bogoria a Kenya.

Kenya ta kuma mori wannan zafi. A Olkaria, tun 1981 ake haƙa rijiyoyi ana jan tururi yana juya injinan lantarki, kuma yau kaso mai tsoka na wutar ƙasar daga nan yake. A ganina wannan abin koyi ne. Sai dai a san inda za a haƙa. Da aka buɗe tashar Wairakei a New Zealand a 1958, matsin ruwan ƙasa ya sauka, gaizojin kwarin da ke kusa suka mutu. Haka ya faru a Beowawe ta jihar Nevada a Amurka. Wuraren da za a samu tururi don lantarki suna da yawa, filayen gaiza kuwa ana ƙirga su da yatsu, kuma hanyar da silika ta yi dubban shekaru tana ginawa ba a gyara ta da hannu. Shi ya sa ba a yarda a haƙa irin waɗannan rijiyoyi a cikin Yellowstone ba.

In Allah ya kai ɗayanku

Dokokin gandun duk daga darasin nan suka fito. Ta farko, ba a sauka daga gadar katako. Farar ƙasar da ake gani kamar busasshiya, wani wurin ɓawo ne siriri, tafasasshen ruwa na ƙarƙashinsa. Fiye da mutum 20 sun rasu ta hanyar faɗawa ko shiga ruwan zafin gandun, wasu da yawa sun ƙone. A filin Norris wasu ruwayen ma asid ne. Ko a kan gadar sai da lura: ranar 23 ga Yuli, 2024, a Biscuit Basin, ruwa ya zama tururi farat ɗaya a ƙarƙashin wani tafki, ya watsa duwatsu da baƙar laka sama, ya farfasa gadar, masu kallo suka ruga. Allah ya kiyaye ba wanda ya ji rauni. Abin da ke tayar da gaiza ne ya faru, amma a wurin da hanyar fita ta toshe.

Ta biyu, ba a jefa komai a ciki, ba a taɓawa, ba a wanka. Tafkin Morning Glory da can shuɗi ne. Baƙi suka yi ta jefa kwabbai da duwatsu da tarkace har kafar da ruwan zafi ke shigowa ta ragu, ruwan ya huce, bakteriya masu launin rawaya da kore suka mamaye shi. Gaizar Minute, wadda a da take tashi kusan kowane minti, duwatsun da masu wucewa suka cusa mata ne suka shaƙe babban bakinta. A Satumban 2018 maɓuɓɓugar Ear ta yi wani feshi mai ƙarfi da ta daɗe ba ta yi irinsa ba, ta amayo kwabbai da gwangwanaye, har da robar tsotson jariri ta shekarun 1930. Wannan yana ɓata mini rai matuƙa, domin wanda ya jefa kwabo ɗaya gani yake bai yi komai ba, alhali maƙogwaron da duk abin ya dogara a kansa bai fi tafin hannu ba.

Ta uku ta shafi dabbobi. Ɓaunan Amurka da ake kira baison suna yawo a filayen, da hunturu ma sukan kwanta a kan ƙasa mai ɗumi kusa da maɓuɓɓugai. Doka ta ce a ba su ratar mita 23, beyar da kyarkeci kuma mita 91. Wanda ya ji jiri ko ciwon kai kusa da inda tururi ke fita, ya matsa zuwa inda iska ke kaɗawa.

Aikin gida

Ku amsa waɗannan a littafinku. Na ɗaya: Old Faithful ta fara feshi da ƙarfe 10:00 na safe, ta yi minti 4. Da misalin ƙarfe nawa za ku ce wa baƙi su dawo, kuma me ke faruwa a cikin ramin a tsakanin lokacin? Na biyu: rami mai zurfin mita 30 cike yake da ruwa a bakin teku. Matsin da ke ƙasansa ninki nawa ne na matsin iska, in kun haɗa da iskar da ke bisa ruwan? Na uku: a Legas da Jos an sa wake a tafasasshen ruwa a lokaci guda, cikin tukwane iri ɗaya. Na wane gari zai riga nuna, kuma don me? Ku zo da amsoshin a darasi na gaba, inda za mu ɗauki girgizar ƙasa da yadda ake auna ƙarfinta.